GIRKA INJIN ISKA: TUN RAN GINI RAN ZANE



Duk wanda ya taɓa bin hanyar Funtuwa zuwa Gusau ta Sheme da 'Yankara, ko ya ratse daga Sheme ya nufi Ƙanƙara, ko kuwa ya bi ta Ɗandume ya sauka Sabuwa, ba zai rasa ganin masu faci a bakin titi ba, kowa da injinsa na ba taya iska yana ta ƙugi a gindin bishiya. Mun saba ganin wannan inji har ba mu ɗauke shi a bakin komai ba. Ni ma haka nake, sai a babban hutun da ya wuce, sa'ad da kawuna, wanda ke sana'ar faci a ƙasar Faskari, ya sayo babban injin iska na hannu daga Kano, domin ƙaramin da yake da shi ba ya iya cika tayar manyan motocin da ke ɗaukar masara da auduga. Ya ɗauko wani dattijon makaniki daga Funtuwa, wanda ya daɗe yana aiki a gidan gurzar auduga, don ya girka masa. Ni ne ɗan aikensu har kwana huɗu. Abin da na gani da wanda na ji shi ne nake so in bayyana muku, tare da ɗan abin da muka koya a ajin kimiyya.

Mene ne injin iska?

Injin iska, wanda makanikai ke kira kwampireso, ɗan'uwan zugazugin maƙeri ne da famfon keke. Aikinsa shi ne ya zuƙo iskar sarari, ya matse ta, ya tura ta cikin wani tanki na ƙarfe, inda za ta zauna a takure sai an buɗe mata hanya. Yana da sassa uku manya: akwai abin da ke juya shi, watau moto mai lantarki ko injin fetur ko na dizal; akwai kan da fistan ke hawa da sauka a ciki yana matsar iskar; sa'an nan akwai tankin da ke tara ta.

Ba faci kaɗai ake yi da shi ba. Da shi ake feshin fenti, da shi ake fasa dutse. Masu haƙa rijiyar burtsatse a ƙasarmu ba su rabuwa da wani ƙaton irinsa da ake ja a bayan mota, domin ƙasan yankin nan dutse ne, iskar ce ke buga gudumar da ke huda shi, ita ce kuma ke huro garin dutsen waje. Hatta birkin manyan motoci da iska yake aiki, dabarar da wani Ba'amurke mai suna George Westinghouse ya fito da ita don jirgin ƙasa a 1869.

Ƙarfin da ke cikin tanki

A 1662 wani masani haifaffen ƙasar Ailan, Robert Boyle, ya nuna cewa idan aka matse iska ta koma rabin wurin da take ci a da, ƙarfin turinta zai ninka biyu, muddin zafinta bai sake ba. Masu faci suna auna wannan turi da geji. Tayar ƙaramar mota takan sha fam 30 zuwa 35, ta babbar mota kuwa takan kai 100 ko fiye. Don haka tilas iskar tanki ta fi wannan ƙarfi, in ba haka ba ba za ta shiga tayar ba.

Bari mu yi ɗan lissafi da tankin kawuna. Yana cin lita 300, kuma ana cika shi har fam 120. A wannan matsayi iskar da ke ciki ta ninka wadda tankin ke ɗauka in ba a matse ba kamar sau 9, watau lita 2,700, cikin duro 13 da rabi ke nan aka cusa a wuri guda. Fam 120 kuwa daidai yake da a ɗora kilo 8 da 'yan kai a kan kowane murabba'in santimita, wurin da bai fi farcen ɗan yatsa ba. Faɗin murfin tankin santimita 50 ne, saboda haka filinsa ya kai murabba'in santimita 1,960. In ka ninka wannan sau 8 za ka sami kilo 15,680. Ashe murfin nan guda ɗaya yana tare da nauyin buhun masara mai kilo 100 fiye da 150, kuma walda ce kaɗai ke riƙe da shi. Ku riƙe wannan lissafi, za mu komo kansa.

Duba tanki tukuna

Da aka sauke injin daga mota, kawu ya ƙosa a tayar da shi mutane su gani. Baba makaniki ko kallon kan injin bai yi ba, sai ya durƙusa gaban tanki. Da farko ya goge wani ɗan allon ƙarfe da ke manne a jikinsa, inda maƙeransa suka rubuta shekarar ƙira da iyakar ƙarfin da zai iya ɗauka. Namu fam 150 ne. Ya ce tankin da ba shi da wannan allo kamar baƙon da ba a san asalinsa ba ne, ba a ba shi ajiya. Daga nan ya ɗauki ƙaramar guduma yana ƙwanƙwasa cikinsa daga ƙasa yana saurare, domin ƙarfe mai lafiya amonsa daban, wanda tsatsa ta cinye daban. Ya kwance wata toshiya, ya haska tocila ciki. A ƙarshe ya bi jikin tankin kaf yana neman tabon sabuwar walda.

Na tambaye shi, "Baba, in tanki ya huje ba sai a kai wa mai walda ba?"

Ya ce, "Yaro, tsatsa daga ciki take ci. Ranar da ka ga huji ɗaya a waje, to, kewayensa duk ya zama takarda. In ka toshe hujin, ka toshe bakin da ke yi maka gargaɗi ne. Tankin iska in ya huje ya gama aiki, sai a yanka shi a yi wa awaki kwamin ruwa."

Ya ba mu labarin wani tanki da aka yi wa irin wannan faci a wani gari da ya taɓa aiki, wanda ya tashi da rana tsaka ya yaye rufin kwanon shago, murfinsa ya faɗa can tsallaken titi. Araha ba ta ado. Ya ƙara da cewa masu gwajin tanki da ruwa suke gwadawa, su matsa shi ya wuce ƙarfin aikinsa da kamar rabi. Dalili kuwa shi ne ruwa ba ya matsuwa, in tanki ya gaza sai dai ya tsage ya yi yoyo, amma in da iska ne, bindiga zai yi.

Zaɓen wuri

Nan ne aka fara ja-in-ja. Kawu yana so a sa injin a ƙuryar shago saboda ɓarayi, ga shi kuwa a nan ne yaransa biyu masu koyon aiki ke kwana. Baba ya ƙi, ya kuma kawo hujjoji.

Ta farko, injin dizal ko na fetur yana fitar da hayaƙi mai ɗauke da wata guba wadda ba ta da launi ba ta da wari, irin wadda ke kashe mutanen da ke kwana da janareta a ɗaki. Ta biyu, iska in an matse ta zafi take yi. Kowa ya san yadda gindin famfon keke ke ɗumi in an daɗe ana bugawa, to, kan babban inji yakan wuce zafin tafasasshen ruwa. In ba iska mai ratsawa, ga zafin bazara, sai mai ya ƙone a ciki ya daskare, har wuta ta iya kamawa. Ta uku, abin da injin ya shaƙa shi zai tura tanki. In ya shaƙi ƙura ta ci fistan, in ya shaƙi tururin fetur ko na fenti, an haɗa wuta da auduga ke nan. Don haka ba a girka shi kusa da mai sayar da fetur a galan, ko injin niƙa, ko inda ake dakan farar ƙasa irin ta Ƙanƙara.

Aka shirya a kan a yi masa rumfarsa daban a gefen shago, da rufin kwano saboda rana da ruwan sama, da bangon ragar ƙarfe mai ƙofa da kwaɗo. Ɓarawo ba ya shiga, iska kuwa tana ratsawa. Aka bar wajen mita guda tsakanin injin da bango ta kowane gefe don mai gyara ya sami wurin juyawa. Aka juya bututun hayaƙi ya dubi bayan rumfa, nesa da matatar da injin ke shaƙar iska ta cikinta. Aka kuma kauce wa wurin da direbobi ke shimfiɗa tabarma suna jiran aiki.

Daɓe da zama

Inji mai fistan rawa yake yi in yana aiki. In an ajiye shi a kan turɓaya ko a kan katakon da aka kawo shi, sai ya yi ta tafiya kaɗan-kaɗan har ya karkace. Saboda haka aka haƙa wuri, aka zuba kankare mai kauri wanda ya ɗara ƙasa tudu don kada ruwan damina ya kwanta a gindinsa, aka kafa ƙusoshi huɗu masu noti tun yana ɗanye. Magini ya auna ya tabbata ba gefen da ya fi wani tudu, gama in inji ya karkata, man da ke cikinsa zai taru gefe guda, ɗaya gefen ya bushe. Wannan aiki tun mako guda kafin zuwan injin Baba ya aiko a yi shi, don kankaren ya sami ƙarfi.

Wajen ɗora shi, da sarƙa da ƙafafun ƙarfe uku aka ɗaga, ba a yarda kowa ya sa hannu ko ƙafa a ƙarƙashi ba, domin nauyinsa a sama yake, ba wuya ya rinjaya. Baba ya yanka tsohuwar taya ya sa a ƙarƙashin kowace ƙafa don ta shanye rawar. Da na ɗauki sifana zan ɗaure notin tamau, sai ya riƙe hannuna. Ya ce a ɗaure shi dai ya kama, kada a danne robar har ta mutu, in ba haka ba rawar za ta koma kan waldar ƙafafun tankin, wata rana ta tsaga shi.

'Yan ƙananan abubuwa uku

Ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido. A jikin tanki akwai abubuwa uku waɗanda duk cikinsu ba wanda ya kai tafin hannu, amma ran mai inji a hannunsu yake.

Na farko geji, wanda shi ne idon tanki. Tilas ya zama mai aiki, yana kuma fuskantar inda mai aiki ke tsayawa. Baba ya ɗiga jan fenti a kan gilashinsa daidai 150, yadda ko wanda bai yi boko ba zai gane in allura ta doshi wurin.

Na biyu bawul ɗin tsira, wani ɗan ƙarfe mai zobe a ka. A cikinsa akwai waya mai naɗi da ke danne ƙofa. In iska ta kai iyaka sai ta rinjayi wayar, ƙofa ta buɗe, rarar ta fita da tsaki mai ƙarfi. A jikin tankin kansa ake ɗaura shi, ba a kuma sa wani makunni tsakaninsa da tanki. Akan ja zoben lokaci-lokaci don a tabbata bai ciza ba.

Na uku mazubar ruwa, ɗan famfo a can ƙarƙashin tanki. Wani zai ce me ya kawo ruwa cikin tankin iska? Iskar da muke shaƙa tana ɗauke da laima, musamman da damina. In an matse ta, ta huce a cikin tanki, sai laimar ta zama ruwa, kamar yadda raɓa ke kwanta a jikin randa. Ruwan nan shi ke haifar da tsatsar da muka ambata. Maganinsa a buɗe famfon kowace yamma bayan an tashi aiki. Ranar da muka fara buɗe namu, jan ruwa ya fi kwano guda ya zubo, alamar mai shi na da ba ya kula.

Waɗannan abubuwa ba ra'ayin Baba ba ne kawai. Dokar Masana'antu ta Nijeriya ta 1987 ta wajabta wa masu masana'anta su sa su a jikin tankin iska, a rubuta iyakar ƙarfinsa a inda za a gani, a kuma riƙa kiran wanda hukuma ta yarda da shi yana duba shi lokaci-lokaci.

Bel, bututu da waya

Injin ya zo ba murfin bel. Kawu ya ce ai haka kowa ke aiki da nasa. Baba bai ce komai ba, sai ya ɗaga hannunsa na hagu, wanda yatsu uku ne suka rage a jiki. Ya ce hannun riga ne bel ya kama masa yana saurayi. A ranar mai walda ya ƙera murfin raga. Mu da muke sa 'yar shara da babbar riga, ga yara masu talla suna kewaya wurin da mayafi, mun fi kowa bukatar wannan murfi.

Game da bututu, na ƙarfe ake sawa. Kada a kuskura a yi amfani da farin bututun roba na ruwan famfo, domin in ya fashe da iska tarwatsewa yake yi kamar kwalba. Tsakanin tanki da bututun bango akan sa guntuwar mesa mai ƙarfi don ta shanye rawar inji. Bakin kowace mesa kuma da maɗaurin ƙarfe ake kama shi, ba da tsumman roba ba, gama mesa in ta kuɓuce da iska a ciki bulala take zama.

Wanda injinsa na lantarki ne, ya kira mai aikin wuta na sosai. A sa waya mai kaurin da ya dace, da makunninsa shi kaɗai kusa da hannu, da wayar da ke kai wuta ƙasa in ta ɓalle. In mai layi uku ne, a duba moto yana juyawa ta inda kibiyar jikinsa ta nuna. Kuma da yake wutarmu tana ɗaukewa ta komo ba sallama, a kashe makunni duk sa'ad da aka ɗauke ta, kada inji ya tashi da kansa hannun wani yana ciki.

Tashin farko

A rana ta huɗu aka zuba sabon mai daidai alama, aka wanke matatar iska, aka juya injin da hannu aka ji ba inda ya ciza. Baba ya kori 'yan kallo, ya buɗe famfon fitar iska, ya tayar da injin ya bar shi yana aiki haka nan har ya yi ɗumi. Sa'an nan ya rufe famfon, ya kafa wa geji ido. Allura ta yi ta hawa, da ta kai 120 sai muka ji muryar injin ta sake, watau ɗan ƙarfen da ke hana shi ƙara iska in tanki ya cika ya yi aikinsa. Ya ja zoben bawul, ya yi tsaki. Ya shafa ruwan sabulu a kowace mahaɗa, inda kumfa ya taso ya kashe inji, ya zubar da iskar duka, kana ya ɗaure. Ya ce ba a taɓa sa sifana a jikin abin da ke da iska a ciki.

Kafin ya tafi ya tara yaran shago ya ja musu kunne a kan abu biyu. Kada wanda ya kakkaɓe ƙurar jikinsa da mesar iska ko ya yi wa wani wasa da ita, domin tana fasa dodon kunne, tana makantarwa, in kuwa ta shiga jiki ta wani rauni ko wata kafa tana kisa. Kuma in ana ba tayar babbar mota iska, a tsaya daga gefe, kada a sunkuya a kanta.

Ranar da aka ɗaure bawul

Bayan mako biyu, ran wata kasuwa, motoci sun yi layi, sai bawul ya shiga tsaki ba ƙaƙƙautawa. Kawu ya ce wannan abu yana zubar masa da iskar da ya sayi dizal ya tara, ya sa yaro ya naɗe kansa da waya. Tsaki ya tsaya. Na leƙa geji, na ga allura ta haye jan fenti tana ci gaba. Gabana ya faɗi. Ga shi ba a yi mini tarbiyyar musu da babba ba, balle a gaban baƙi. Na matsa kusa da shi na rage murya na ce, "Kawu, don Allah a kashe inji, ina da magana."

Ya ce, "Ɗan boko, ba ka ga mutane na jira ba?"

Na ce, "Kawu, buhu nawa babbar motar can ke ɗauka?" Ya faɗa mini. Na ce, "To, a lissafin da muka koya, murfin tankin nan yana tare da nauyin buhu fiye da 150 tun allura tana 120. Yanzu ta wuce 150, an doshi buhu 200, kuma murfin shagonka yake kallo."

Ya dube ni, ya dubi tanki, ya dubi ɗansa ƙarami da ke wasa a bakin rumfa. Bai ce uffan ba, ya je ya kashe injin da kansa, ya sa kowa ya ja baya, ya buɗe famfo iska ta fita, sa'an nan ya kwance wayar. Direba biyu suka yi fushi suka tafi wurin wani. Washegari Baba ya zo, ya tarar datti ne ya toshe ɗan ƙarfen nan mai hana inji ƙara iska, shi ya sa yake ta turawa ba tsayawa. Ashe bawul ba ɓarna yake yi ba, ƙara yake kawowa. Gyaran bai ɗauki rabin sa'a ba. Da dare kawu ya aiko mini da tsire, bai dai ce komai game da maganar ba har na komo makaranta.

Kammalawa

'Yan'uwana, da yawa daga cikinmu 'ya'yan masu sana'a ne, wasunmu kuma sana'ar za su kama in sun gama makaranta. Garuruwanmu suna nesa da babban asibiti, kuma a shekarun nan ba kowane lokaci ne ake shiga hanya ba, don haka rigakafi ya fi mana magani. Iyayenmu sun fi mu sanin aiki nesa ba kusa ba, abin da za mu iya ƙara musu shi ne ɗan karatun allon ƙarfe da ɗan lissafi, cikin ladabi. In kun je hutu, ku leƙa injin da ke kusa da gidanku. Ku duba ko gejinsa na motsi, ko an ɗaure masa bawul, ko akwai tabon walda a cikinsa, ku kuma tambayi mai shi yaushe rabon da ya zubar da ruwan tanki. Iyaye kuma masu niyyar sayen inji, a ware kuɗin rumfa da kankare da makaniki tun cikin kuɗin saye, kada a bari sai an ga abin da ya rage.

Allah Ya kiyashe mu da tsautsayi, Ya sa albarka a sana'o'in iyayenmu, amin.

Daga wani ɗalibin Aji Biyar